Motar Rowa

Ana gane adalcin al'umma daga yadda take ƙirga ƙofofin mota. Na daɗe da yanke wannan hukunci, kuma a shekarun da na yi ina koyar da tarihi a sakandare na bi dauloli ɗaya bayan ɗaya, masu ganuwa da masu jiragen ruwa, ban ga wadda ta ƙaryata ni ba. A kan wannan ma'auni, mai karatu, ina baƙin cikin shaida maka cewa danginmu sun faɗi jarrabawa, irin faɗuwar da malami mai tausayi ma zai rasa inda zai ƙara maki.

Wani sauti ne ya tayar mini da maganar. A wani gareji a unguwar Bolari ta Gombe na sa hannu na ja ɗan ƙarfen da ke gefen kujerar gaba ta wata tsohuwar mota, kujerar ta rusuna ta ce ƙwas. Warin fatar kujera da rana ta gasa ya taso, gauraye da na tsohon fetur. Kafin in ɗago kai na koma yaro mai gajeren wando a ƙofar gidanmu na gado a unguwar Madaki, ranar da Bappa ya kawo motarsa a sa mata albarka.

Bappa ƙanin mahaifina ne. A lokacin yana aiki a ma'aikatar gona, yana zaune a Federal Low-Cost, inda gidaje ke jere iri ɗaya kamar 'yan makaranta a layin safe. Motar a hannun wani injiniya ɗan Italiya ya saye ta, wanda ya gama aikin madatsar ruwa yana haɗa kaya zai koma ƙasarsu. Ja ce, jan attaruhu, gajera, a kwance kusa da ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. Ba ta da akwatin baya irin na motocin mutane. Bayanta zamewa ya yi, kuma in an ɗaga murfin, da gilashin yake tashi gaba ɗaya. A zamanin motar Faransa ce ke mulkin titi, fara ko shuɗiya, mai kamun kai kamar sakataren ƙaramar hukuma. Wannan kuwa ba ta san kamun kai ba. Tun daga kwanar unguwa aka jiyo gurnaninta, awaki suka watse.

Tsakiyar bazara ce, irin lokacin da randa ke gumi, ƙudaje na rububi a kan ƙwallon mangwaro, manya na kwance a zaure da mafici ba mai ƙarfin gaida wani. Duk da haka gida ya fito. Mata suka yi guɗa daga bakin zaure. Dada, kakarmu, ta tako da sandarta ta zagaya motar a hankali, tana shafa ta tana addu'a da Fulatanci. Ta gama zagaye, ta sake ɗaukar wani, addu'ar na raguwa. Sannan ta tsaya ta dubi ɗanta.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Dada?"

"Ƙofofin. Ko Baturen ya tafi da su?"

Bappa ya yi bayani cikin ladabi cewa ƙofa uku gare ta: ta direba, ta wanda ke kusa da shi, da ta baya da ake ɗagawa. Goggo, yayar mahaifina da ƙannenta ke kira Adda, mace mai jiki da murya, ta ce, "To madalla. Mu ta ukun za mu riƙa shiga ke nan, mu da buhun wake."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na riga na ɗora tafin hannuna a kan goshin motar, zafinta na ƙona ni, na kuma ƙi ɗaukewa.

Dole in tsaya nan in yi wa yaran yanzu bayani, don ba su san abin da mota take nufi a wancan lokaci ba. Wanda ya sayi mota dangi ya saya wa. Shi dai an bar masa mabuɗi da wahalar neman mai. Ita ce ta zuwa suna, ita ce ta gaisuwar mutuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, in an aiko da gero daga ƙauye ita ke ɗauko shi a tasha. Mutunci kuma a kujerar baya yake zaune. Babba ba ya zama kusa da direba kamar yaron mota. Buɗe masa ƙofar baya ake yi, ya tattara babbar rigarsa ya shiga da bisimilla, ya fito da hamdala, fuskarsa na kallon jama'a. A motar Bappa kuwa, mai son zaman baya sai an sauke na gaba, an ja ƙarfen nan kujera ta rusuna, sannan shi ma ya rusuna ya kutsa kamar mai shiga rumbu. Mutanen Italiya sun yi haka ne don jikin motar ya yi ƙwari, ta yi rashin nauyi, ta kuma yi kyau a ido. Daga baya na karanta wannan. Ba su dai yi shawara da Goggo ba.

Ranar da abin ya ɓaci damina ce. An yi ruwa da asuba, rairayi ya gangaro ya rufe rabin titi, ƙasa na ƙanshi, kwaɗi ba su gama surutu ba. Ana sunan jikan Goggo na fari, ɗan 'yarta, Bappa ya zo ɗaukarsu. Dada ta zauna gaba saboda gwiwa. Aka fara cusa ni baya da kwanon cincin a cinya, Goggo ta biyo. A ƙofar gidanmu ne, ba kowa sai yara, kuma shigar ta yi kyau in ban da salatin da ya suɓuce mata. Fitar ce ba wanda ya yi tunaninta.

Bappa ya tsaya daidai ƙofar gidan suna, inda maza ke zaune a kan tabarmi. A tsakiyarsu ga surukin Goggo, mutumin da tun da ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido ba. Ko sunansa ba ta faɗa, shi kuma in ya hango ta daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Aka sauke Dada, kujera ta ce ƙwas. Goggo ta gwada fitowa da kai, ɗaurin ɗankwalinta ya tokari rufi. Ta gwada da ƙafa, zani ya ƙi. Hanya ɗaya ta rage, ita kuwa ta bi. Da baya ta fito, a hankali, kamar ana sauke babban tulu daga kan jaki, gyalenta ya maƙale a bel ɗin kujera ya yi zamansa a mota.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Maza suka duƙufa kallon tabarma kamar an rubuta musu wani abu a kai. Surukin ya miƙe ya shige gida da sauri yana amsa kiran da ba wanda ya yi masa. Goggo ta gyara zani, ta karɓi gyalenta daga hannuna, ta shiga. Da aka watse, a ƙafa ta dawo Madaki cikin taɓo. Tana zaune a tsakar gida tana wanke ƙafa da buta ta yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

"Rowa ce ƙanena ya sa wa taya. Ya duba duk motocin duniya, ya zaɓo wadda ba za mu shiga ba."

Daga ranar sunan ya kama motar, daga motar ya gangara kan mai ita. In aka zuba wa baƙo shayi a ƙaramin kofi, sai a ce an kawo masa motar rowa. In tela ya ɗinka riga ta matse a hamata, motar rowa. Bappanninmu biyu ne, don a bambanta su sai aka koma cewa Bappa na tasha da Bappa mai rowa, ana faɗa ba da mugun nufi ba, kamar yadda ake cewa dogon da gajeren. Wannan rashin mugun nufin ne ya fi ƙona mini rai. Da zagi ne, da ya tafi tare da fushin mai yinsa. Wannan kuwa shimfiɗa tabarma ya yi ya zauna. Wata sallah wani ƙaramin yaro ya gaishe shi da sunan a gaban jama'a, da zuciya ɗaya, yana zaton sunansa ke nan na yanka. Bappa ya shafa kan yaron, ya ciro alewa daga aljihu ya ba shi, ya ci gaba da hirarsa. Ni na je bayan ɗaki na yi kukan da ya kamata a ce shi ya yi.

Ka dubi mutumin da ake faɗa wa haka. Gidansa na Low-Cost ɗan ƙarami ne, amma ban taɓa shiga na tarar da iyalinsa su kaɗai ba. 'Ya'yan 'yan'uwa masu karatu a gari suna nan. Ɗan wani abokin aikinsa daga Kaltungo da ya zo rubuta jarrabawa ya zarce har ya fara gemu yana nan. Tsoho daga ƙauye mai jiran ganin likita yana nan, da mai jinyarsa, da mai raka mai jinyar. Tukunyar gidan sai mutum biyu ke sauke ta. Kujerarsa ta falo ma in ya dawo daga aiki wani yake tararwa a kai, rediyonsa a kunnen wani. Bai taɓa ce wa kowa yaushe za ka tafi ba. Duk wannan ba a ɗora shi a ma'auni ba. Ƙofa biyu da babu su aka ɗora, suka rinjayi tukunya.

Sannan ga ni, shaida mai rai. Ranar Asabar da hantsi yakan biyo ta Madaki ya danna hon, in fito da gudu in faɗa kujerar gaba. Cikin yaran gidan da ba sa ƙirguwa ni kaɗai yake ɗauka, wai don ba ni da surutu. Mukan fita bayan gari ta hanyar Dadin Kowa. Da kaka ya fi daɗi. Gonakin auduga sun yi fari, an tara gyaɗa a gefen hanya, iska na kawo ƙanshin karan dawa da aka yanka, manyan motoci ɗauke da buhuna suna rarrafe suna tari. Bappa yakan cire hularsa ya ajiye a cinyata. Daga nan ya sauke giya, ya taka totur, injin ya ɗauki murya, daga gurnani ya koma wani abu mai kama da waƙa, yana hawa yana hawa har in ji shi a haƙarƙarina. Ba ya hira. Kalma ɗaya yake faɗa in allurar gudu ta hau: "Saurara." Ni kuwa in saurara. Sitiyarin ɗan ƙarami ne, da yatsu yake juya shi. A kwana motar ba ta karkata, kama ƙasa take yi ta bi, ni kuma in ƙanƙame hular. Mu dawo da azahar idona na hawayen iska, kunnena na amo, a tambaye ni ina muka je, alhali ba ko'ina muka je ba.

A cikin gari mutane sukan ɗaga hannu a bakin titi, 'yan'uwa da abokan aiki. Bappa yakan ɗaga nasa ya amsa cikin girmamawa, ya wuce cikin girmamawa. Motar gudu ce, tsayawa ba halinta ba ne. Haka na bayyana wa 'yan ajinmu, wasu da baki, wasu da dambe.

Ina ajin ƙarshe a sakandare wani bel ya tsinke a cikin injin, ya tafi da wasu abubuwa tare da shi. An nema a Gombe, an aika Jos, an aika Kano, kowa ya juya guntun a hannu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Aka tura ta ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya, a bayan gidansa, aka tokare ta da duwatsu. Dangi suka ce alhaki ne. Damina ta zo ta wuce a kanta, wata ta biyo. 'Ya'yan maina suka yi ta zuba suna cin fenti, tayoyi suka zauna, kaji suka gano ƙofa ta uku suka mai da wurin ɗakin ƙwai. Su dai ba a taɓa jin sun yi ƙorafin hanyar shiga ba. Bappa ya koma babur, daga baya ya yi ritaya. Dada ta rasu, mahaifina ya bi ta, ni na zama malami na yi iyali.

Da na bar maganar ta mutu, in da ta yarda ta mutu. Wata ƙaramar sallah ina shirya yara zuwa gaishe-gaishe, 'yar autata, wadda ba ta taɓa ganin motar nan na motsi ba, ta tambaye ni tana ɗaura takalmi, "Baba, gidan wa za mu fara, Bappa na tasha ko Bappa mai rowa?" Ta faɗa da murya mai daɗi kamar mai karanta sunan gari a taswira. Na tsaya da hula a hannu. Zuriya ta uku ke nan. Bappa ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Goggo ta fi shi tsufa, kunnenta ya yi nauyi. In ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya kafin a gyara maganar, sunan ya zauna ke nan har abada. A nan tsaye na ƙudurta cewa sai motar nan ta tashi, sai Goggo ta sake shiga ta zauna, ta janye kalmarta da bakinta a gaban ƙanenta.

Hujjojina biyu ne, kuma na sha maimaita su a ɗakin malamai har abokan aikina suka riƙa tunawa suna da aji da zarar na buɗe baki. Ta farko, kujerar bayan tana ɗaukar mutum in an bi ta a hankali. Ta biyu, wadda na fi ji da ita: mai sayen mota a hannun Baturen da ke haɗa kaya ba ya zaɓen ƙofa, abin da ya samu shi yake ɗauka. Goggo ta ce ya duba duk motocin duniya. A ina ya gan su, a Gombe ta wancan lokaci?

Da na roƙi Bappa ya ba ni ita, sai ya ce, "Ni na ba ka. Saura izinin kaji."

Da igiya aka ja ta zuwa Bolari a bayan akori-kura, kuma a can na gano cewa ciwon da ke damun danginmu na gari ne duka. Bakaniken farko ya buɗe gaba, ya ga kafireto biyu, ya rufe.

"Malam, don me za ka wahalar da kanka? A ciro wannan tarkacen, a dasa mata injin Japan, gobe ka kai ta Bauchi."

Na tambaye shi ko in kakansa ya kamu da tari, kan wani zai sa a dasa masa don ya fi saurin magana. Ya ce ai kakansa ya daɗe da rasuwa. Na yi masa ta'aziyya, na sa aka ja mini motata.

Na biyu ya yarda zai bar injin a inda Allah ya ajiye shi, amma ya haɗa ni da mai walda, saboda tsatsa ta cinye ƙasan motar har kana hango yashi tsakanin ƙafafunka. Mai waldan mutum ne mai fara'a da son taimako. Na taso daga makaranta wata rana na tarar ya yi zane da alli a jikinta, murabba'i mai kyau ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga wutarsa a kunne tana huci.

"Mene ne wannan?"

"Ƙofa, Malam. Kyauta zan yi maka. Ai masu ƙerawar ne suka manta."

Na yi shekaru ina koyar da yadda aka rushe birane aka ƙone ɗakunan karatu, ban taɓa jin abin a jikina ba sai ranar. Da hannun rigata na goge allin. Ya bi ni da kallon tausayi, na ji yana gaya wa maƙwabcinsa cewa 'yan boko ba sa son a taimake su.

Mai fenti kuwa na nuna masa cikin murfin tankin mai, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, na ce wannan jan nake so. Ya ce ya gane sarai. Ya fesa mata jan motar kashe gobara. Da na yi magana ya ce, "Ja ai ja ne, Malam." Na ce ya je layin 'yan atamfa ya gaya wa mata haka, mu ga ko zai dawo da kunnensa. Aka kankare aka sake. Kayan gyara kuma wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Turai ya yi ta farautarsu wajen tsofaffin da ke ajiye irin waɗannan motoci, yana aiko mini a kwali. Bel ɗin da ya gagari Jos da Kano yana ciki, ɗan abin da za ka iya ratayawa a wuya.

Aikin ya ci damina, ya ci rani, ya sake cin wata damina. Ranar da aka tayar da ita ta yi tari, ta yi atishawa, ta cika gareji da hayaƙi, masu sayar da rake suka ja baya. Kafireto biyun nan sai sun yi numfashi tare take yarda ta yi magana, don haka bakaniken ya riƙe sukundireba, ni na kasa kunne. Ya murɗa, na ce a'a. Ya sake, na ce saura kaɗan. Can sai muryar ta daidaita, ta fito kamar yadda na bar ta a hanyar Dadin Kowa, har na ji ta a haƙarƙari. Na juya baya ina duba wani abu a bango, don malami ba ya hawaye a gaban jama'a.

Mallakarta wani karatu ne daban. Tuddan rage gudu da aka shimfiɗa a titunan gari, kowanne sai na hau shi a karkace kamar ƙaguwa, masu keke mai ƙafa uku na danna mini hon a baya. In ta kwana biyu ba a tashe ta ba, fushi take yi. In an yi ruwa, rairayin da ke gangarowa ya fi ƙarfin cikinta, sai in zagaya ta inda ba ni da aike. Samari sukan tare ni a gidan mai: "Kai, Baba, wannan ai tsohon hannu ce, ɗan tsaya mu yi selfi." Ɗaya ya leƙa ya ce ba esi. Na ce akwai taga.

Amma a danja nake ganin abin da ya fi ba ni haushi. Manyan motoci masu ƙofa huɗu, gilashi baƙi a rufe ruf, mutum ɗaya a ciki da wayarsa. Suna wuce tsofaffi a bakin titi, tsofaffin ma ba sa ɗaga hannu, keke suke jira. Mai naƙuda ta waya ake kira mata keke, buhun gero ɗan acaɓa ke kawo shi har zaure. Mota ta zama ta mai ita shi kaɗai, kuma kowa ya yarda. Abin da aka rataya wa Bappa a wuya shekara da shekaru, yau gari duka ke yinsa da ƙofofi huɗu a kulle, ba wanda aka yi wa ko laƙabi. Wannan ne nake tunani a kai in fitila ta ba da hannu ban tashi ba, ana zagina daga baya.

Ranar Asabar da hantsi na zaɓa. Na fara biyawa Low-Cost. Bappa ya fito da sanda, ya bi jikin motar da tafin hannu tun daga fitila har baya, ya sunkuya ya shaƙi cikinta. Ya zauna gaba, ya cire hula ya ajiye a cinyarsa. Muka nufi Madaki. Na riga na kori duk wani namiji daga ƙofar gida, har da mai shayi. Jikoki mata suka fito da Goggo. Tsufa ya tafi da jikin, ya bar murya.

"Ita ce wannan? Ba ta mutu ba?"

"Ita ce, Goggo. Ku daure ku shiga, don Allah."

"Me ka ce?"

"Ku shiga!"

"To ba sai ka yi mini tsawa ba."

Bappa ya sauka, na ja ƙarfen, na riƙe hannunta. Ta sunkuya ta shige kamar zare a allura. Ta zauna, ta dudduba, ta miƙe ƙafa, ta bubbuga kujerar da hannu. "Ashe da wuri," in ji ta. Na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har muka fita bayan gari. Gero ya fara kai, sama ta yi wasai. Sai na ji yatsa a ƙeyata.

"Kai, jaki muka hau? An ce tana gudu."

Na sauke giya, na taka. Injin ya ɗauki murya. A madubi na ga mayafinta na kaɗawa, bakin da ba haƙori a buɗe tana dariya, tana kiran sunan Allah. Bappa ya rufe ido.

Da muka dawo ƙofar gida, da kai ta fito, fuskarta na kallon jama'a. Ta kama hannun ƙanenta ba ta saki ba.

"Na ɗauki alhakinka da yawa. Motar nan ba ta da rowa, kai ma ba ka da ita. Jikina ne ya yi yawa a lokacin. Ka yafe mini."

"Na yafe, Adda. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta juya kan jikokin ta ce duk wanda ta sake jin sunan nan a bakinsa, ita da shi ne. Ɗaya ta yi ƙasa da murya ta ce ai Goggo ba ta ji. "Wannan na ji," in ji Goggo.

A hanyar mai da Bappa gida ban iya yin shiru ba, ni da aka zaɓa don rashin surutu. Na ce yau gaskiya ta yi halinta. Na ce tun ina yaro na san an zalunce ku, Bappa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mai saye a hannun Bature mai shirin tafiya ba shi da zaɓi, abin da ya tarar shi zai ɗauka. Na tsaya a ƙofar gidansa na kashe injin. Falo cike yake da baƙi, ana jin hayaniyarsu daga waje. Bappa bai yi niyyar sauka ba. Ya daɗe yana shafa gaban motar da yatsu, sannan ya mai da hularsa, ya gyara mata zama.

"Wa ya gaya maka haka, ɗana?"

Na ce ba wanda ya gaya mini, hankali ne.

"To," in ji shi. "Motoci biyu Baturen ya sa a kasuwa ranar, farashinsu ɗaya. Ɗayar ƙofarta huɗu."